Amsar Yaya ga Auta a zauren 'yan gida

Assalamu alaikum 'yan gida. Auta, na ji muryarki tun jiya da daddare, na bari sai da na kwana don ba na son in amsa da zafi. Kin ce wai ta yaya mutumin da ba ya iya zaman rabin awa a gidan biki zai ɗauki jaka ya tafi har Damagaram shi kaɗai ya yi kwana huɗu. To ni na san ba Damagaram ce ta dame ki ba. Abin da kike tambaya shi ne ko gudunku nake yi. Kuma ba ke kaɗai ba ce, na ga waɗanda suka goya miki baya a ƙasa.

Wallahi ba gudunku nake ba. Hayaniya ce take cinye ni. In na shiga taro, mutum goma na magana lokaci guda, ga DJ, ga maroƙi, wannan ya ja hannuna wancan ya ce ban gaishe shi ba, kafin la'asar sai in ji kamar na yi dako tun asuba. Ke kuwa in kin dawo daga biki sai ki ji kin wartsake, har ki nemi wani. Haka Allah ya yi ki, ni ma haka ya yi ni.

Tafiyar kuma, bari in gaya miki yadda ta kasance. A 2021 ne... a'a, 2022, bayan babbar sallah, don tun kafin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ne da aka rufe iyaka. Na shiga mota a tashar Ƙofar Ruwa da sassafe, na samu gefen taga. Wani dattijo ne kusa da ni, da ɗan ƙunshin goro a cinya, an lulluɓe da danshin algarara. Muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, shi ke nan. Muka wuce Kazaure, ina kallon duwatsu da gero ya kai ƙugu, bai ce min komai ba. Sai da muka bar Daura muka doshi Kwangwalam ya ɓare goro ɗaya, ya miƙo min rabi ba tare da ya ko juyo ba. Na karɓa, na ce na gode. Auta, awanni muka yi kafaɗa da kafaɗa da bawan Allahn nan, bai tambaye ni aikin me nake ba, bai tambaye ni yaushe zan ƙara aure ba, bai ce me ya sa na rame ba. Kuma da muka rabu sai da na ji kewarsa.

Na san Kawu zai ce ai an hana mutum tafiya shi kaɗai. Kawu, Allah ya ƙara girma, a motar haya nake, cike take maƙil, ba daji na ratsa da dare ba.

A Damagaram ɗin ma ba wani abu na je yi ba. Na sauka a Zango, da yamma in taka zuwa Birni, in zaga ta wajen fadar Sarki, in samu gindin ɗaya daga manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye in zauna. Garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin Turawan Faransa su mayar Yamai, garin Sarki Tanimun mai ganuwa da igwa, amma ga shi shiru, yara na wasa, awaki na wucewa. Akwai wasu samari da ke fada a bakin wani lungu, majalisa ke nan a wajenmu. Suka ga baƙo suka gyara min benci. Shayi hawa uku aka yi a 'yar buta kan gawayi, na farko ɗaci kamar me, na ƙarshe zaƙi. Tambayarsu ɗaya ce, daga Kano? Na ce eh. Suka ce sannu da hanya, suka ci gaba da hirarsu ina saurare. Babu wanda ya ga shiruna a matsayin laifi.

Shi ne abin da ba na samu a gida, kuma a nan ne maganar Gwaggo take dawo min. Na san za ku ce na cika riƙo, amma ku bar ni in faɗa. Bikin Yaya Babba, a tsakar gida, gaban surukai, ina shigowa da kujeru biyu a hannu, Gwaggo ta ce ku ƙyale wannan, miskili ne, girman kai ke ɗawainiya da shi, ko dai a kai shi a yi masa ruƙiyya. Aka kwashe da dariya. Ni ne fa na je Dawanau na yi awon bikin nan. Ni na yi sahu uku a Kantin Kwari saboda ankon da aka yi ta canza wa launi. Rumfar da suke zaune a ƙarƙashi suna dariyar, ni na tsaya aka kafa ta har ƙarfe ɗaya na dare. Duk wannan bai shiga lissafin zumunci ba, tunda ban zauna an yi shewa da ni ba. Na ajiye kujerun na fita, na zauna a mota har magariba. Babu wanda ya biyo ni... a'a, astagfirullah, kada in yi ƙarya, Inna ta aiko min da abinci a kwano, da nama biyu a sama. Allah ya jiƙanta da rahama. Ita ta san ni tun ina yaro, in an yi baƙi ina bayan ƙyaure da littafina, ba ta taɓa cewa a fito da ni dole ba. Kuma ni ban riƙe Gwaggo ba, uwa ce, har gobe ina zuwa gaishe ta duk Juma'a. Kalmar ce dai ta zauna min, don daga ranar yara ma suka ɗauka.

Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira ya faɗi alheri ko ya yi shiru. Ba wai ina cewa ku masu hira... a'a, bar wannan, kada ya zama wata rigimar.

Abin da nake so ki gane, Auta, duk sanda na yi irin tafiyar nan, ko ta jirgin ƙasa ce daga Rigasa zuwa Idu in juyo, da sararin zuciya nake dawowa. Ki tuna da na dawo daga Damagaram gidanki na fara sauka da kilishi, muka yi hira har bayan isha'i, ke da kanki kika ce yau Yaya ya buɗe baki. To hutun kwana huɗun nan ne ya ba ni bakin.

Ɗaurin auren ranar Asabar ina nan zuwa in sha Allahu, ni zan ɗauko su Kawu daga Fagge. In an shafa fatiha an ci abinci zan zame, kada kowa ya kira ni a waya yana neman ba'asi. Ki turo min adadin kujerun da ake so yau ɗin nan, mai haya ya ce kafin Alhamis zai ba wasu.