Ummi, wancan na gonar Rigachikun ba tautau ba ne

Ummi na ga saƙonki tun jiya, kin ce kin ga wani ƙaton gizo-gizo ya yi saƙa ruwan ɗorawa tsakanin mangwarori biyu a gonarmu ta Rigachikun, kin ɗauko sanda Hajiya Kaka ta hana ki, shine kike tambaya wai camfi ne ko addini, kuma ko shi ne tautau.

Toh ba tautau bane 'yata. Wannan masu ilimin halittu Nefila suke ce wa danginsa, irin namu na nan ma sunan ƙasar Senegal suka laƙaba masa, ana samunsa tun daga can har Habasha har Afirka ta Kudu. Shi ba ɗan ɗaki bane, a sarari yake so tsakanin bishiyoyi inda iska ke koro masa ƙwari, shi yasa kika fi ganinsa ƙarshen damina. Kuma babbar nan mai ratsin baƙi da rawaya a ƙafa mace ce fa, ita ke saƙar, namijin ɗan mitsitsi ne in kin duba gefen yanar zaki ganshi ya lafe. Ki ƙirga ƙafafun, 8 ne, ƙuda da sauro 6 gare su, kenan shi ɗan uwan kunama ne da kaska, kuma ire-iren gizo-gizo da aka sa wa suna sun haura 50,000 a duniya.

Maganar Hajiya kuwa, mu haka muka taso ana gaya mana gizo-gizo ne ya saƙa yana a bakin kogon Saur ranar Hijira lokacin Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suna ciki, malamai sun yi saɓani kan ingancin ruwayar amma iyayenmu sun riƙe ta, daga nan suke jin nauyin kashe shi. Ba su ce haramun ne ba, kara ce kawai, kuma ai kina gani duk sati sai ta sa an share yanar ɗaki da dogon tsintsiya. Na gona ne take barin sa, wallahi ni ma ina bayanta, fara da ƙudan da yake kamawa a rana mu yake wa aiki, kuma ba ya bin mutum da cizo.

Ƙurajen da ake cewa fitsarin tautau ne dai in sun fito wa yaranki kar ki tsaya shafa toka, ki kai su asibiti a duba.

Ranar Asabar in Allah ya kaimu zan shigo gonar, ki zo da Abba in nuna muku namijin.