Tambaya da Amsa: Fanka Na Tashi, Sensa Na Rikicewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sauya wa motata inji, na cire kwamfutarta ta asali na sa irin wadda ake saitawa da laftof. Motar na tashi lafiya, amma da zarar fankar lagireto ta kama, sai in ga totur ya nuna kashi 3 ko 4 cikin 100 alhali ƙafata ba ta kai, zafin ruwa kuma ya faɗo daga digiri 92 zuwa 83 nan take. Injin ya yi ta shaƙewa, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi. Na sauya sensar totur da ta ruwa, ba abin da ya canja. Baƙaƙen wayoyin sensa duk na haɗa su a noti ɗaya a jikin bodi, inda negetib ɗin fanka yake, ita kuwa kwamfutar negetib ɗinta na jikin inji. Na gwada da mita, tana kuka, wato layin bai yanke ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sensocin da ka cire lafiyarsu ƙalau, ka adana su. Matsalar tana kan notin nan na jikin bodi.

Ruwan lagireto ba ya hucewa da digiri 9 cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya taɓa sensa biyu lokaci guda, to a inda suka yi tarayya yake. Kwamfuta ba ta ganin zafi, ba ta ganin ƙafarka. Abin da take gani bambancin wuta ne tsakanin wayar saƙo da kuma wurin da ta ɗauka a matsayin sifili. Tana tura wa sensar totur bolt 5, sensar ta mayar da kamar 0.5 idan totur na rufe, 4.5 idan an taka shi ƙasa. Idan sifilin sensa da sifilin kwamfuta suka sha bamban, duk lissafin ya karkace, kamar sikelin da allurarsa ba ta fara daga sifili ba.

Mutane da yawa sun ɗauka ko'ina a jikin ƙarfen mota negetib ɗaya ne. Haka yake idan mota na kashe. Da zarar wuta ta fara gudu, labari ya canja, domin kowane noti, kowace waya da kowane ɗigon tsatsa na ɗan tare wutar. A ce tsakanin notinka da jikin inji akwai tirjiya ta om 0.01 kacal, fanka kuma na jan amf 15. Ninka su, ka sami bolt 0.15. Fanka ba ta san ma an yi ba, ita da ke aiki da bolt 14. Amma sensar totur duka tafiyarta bolt 4 ce, don haka 0.15 ya kai kashi 3 zuwa 4 ɗin da kake gani. Ita kuwa sensar ruwa abin ya fi yi mata illa. Irin ta Bosch tana da om kusan 2,500 a digiri 20, ta sauko wajen 320 a digiri 80, wajen 240 a digiri 90. A kwamfuta irin MegaSquirt, tazarar digiri 80 da 90 ba ta wuce bolt 0.13 ba. Ƙarin wuta a wannan layin kuma sanyi yake nufi. To ka ga kwamfuta ta ji an taka totur ba zato, ta ji inji ya huce, duk biyun kuwa amsarsu ɗaya ce: ƙara fetur. Baƙin hayaƙinka ke nan. Wani lokaci ma kwamfutar kan kashe fankar saboda ta ɗauka ruwa ya yi sanyi, lissafi ya dawo daidai, ta sake kunna ta, a yi ta zagaye.

Kukan mita kuma, ina roƙon masu karatu su daina dogaro da shi a wannan aiki. Wutar da mita ke turawa ba ta taka kara ta karya ba, ko silin waya ɗaya ne ya rage a cikin roba za ta wuce ta yi kuka. Gwajin da ke faɗin gaskiya shi ne na zubewar wuta, kuma ana yin sa ne mota na aiki. Sa mita a bolt na DC. Ɗora baƙin tsinke a kan batir kansa, ƙarfen negetib ɗin, ba maƙalar da ke riƙe da shi ba. Tayar da inji, kunna fanka, manyan fitilu da iyakwandishan, sannan ka bi da jan tsinke: jikin inji, bodi, negetib ɗin kwamfuta, baƙar wayar kowace sensa. A manyan layuka ina son in ga abin da bai wuce bolt 0.1 ba. Tsakanin baƙar wayar sensa da ƙafar negetib ɗin sensa a soket ɗin kwamfuta kuwa, ya kamata mita ta tsaya dab da sifili, kuma kada ta motsa idan fanka ta kama. Motsin shi ne abin kallo, fiye da lambar.

Gyaran ba shi da wuya. Kwamfutocin nan, Haltech ne, Link, MoTeC, ECUMaster ko Speeduino, suna zuwa da ƙafa ta musamman don negetib ɗin sensa, daban da manyan negetib da ke ɗaukar wutar nozul da sauran kaya. Buɗe zanen wayarin naka ka nemo ta. Kwance wayoyin sensa daga bodi, ka haɗa na totur, na ruwa, na zafin iska da na matsin iska a layi ɗaya, ka kai shi wannan ƙafar. Kada layin ya taɓa ƙarfe ko'ina a hanya. Wasu kan ce bari su ƙara masa wata waya zuwa bodi don ya ƙara ƙarfi. Wannan ɓarna ce, domin ka buɗe wa wutar fanka da ta kik hanya ta biyu ta cikin siririyar waya da cikin allon kwamfuta, kuma kik na jan amf fiye da 100. Haka ake ƙona layin cikin allo. Idan ka gama, zare soket ɗin kwamfuta ka gwada tsakanin layin sensa da bodi. A nan ne kukan mita ke da amfani: idan ta yi kuka, akwai inda layin ke taɓa ƙarfe, sai ka nemo shi.

Manyan negetib na kwamfuta kuma ka kai su inda littafinta ya ce, galibi jikin inji ko tof silinda, dukkansu a wuri ɗaya. Kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ɗaure tamau, sannan ka shafa giris a kai saboda tsatsa. Tunda inji ka sauya, duba ƙatuwar wayar da ke haɗa inji da bodi da wadda ke zuwa batir. Inji a kan roba yake zaune, kuma wannan wayar ce aka fi mantawa da ita wajen sauyi. Idan babu ita, wuta kan bi ta wayar ƙarfen da ke jan totur ko duk abin da ta samu, har ka taɓa ka ji ɗumi. Bayan duk wannan sai ka sake saita totur a laftof, rufe da buɗe, domin saitin farko a kan karkataccen sifili aka yi shi.

Wani abu a gefe: idan sensar ruwanka mai waya ɗaya ce, irin ta agogon dashbod, ta jikin zarenta take komawa negetib. Ba ta dace da kwamfuta ba, balle an naɗa mata farin tef na famfo. Nemi mai waya biyu.

Tambaya: Malam, agogon sensar salansa, mai auna lissafin iska da fetur, na nuna 14.7, laftof kuma 15.1. Wanne zan yarda da shi?

Amsa: Fara tabbatar da cewa jadawalin da ka zaɓa a laftof na irin na'urarka ne, domin kowane kamfani da yadda yake raba bolt 0 zuwa 5. Idan jadawalin daidai ne, ƙanen matsalar da ke sama ke damunka. A na'urar da ke raba bolt 5 tsakanin 10 da 20, kowane bolt 0.1 na nufin 0.2 a lissafin iska da fetur, ka ga tazarar 0.4 bolt 0.2 ce kawai. Sensa irin Bosch LSU 4.9 na da hita a cikinta mai jan amf 1 zuwa 2, kuma idan wannan wutar ta bi waya ɗaya da negetib ɗin saƙo sai ta ɗaga shi. Agogon ya fi kusa da gaskiya, tunda shi ke karanta sensar kai tsaye. Idan na'urar na da baƙaƙen wayoyi biyu, ta hita ta tafi inda manyan negetib na kwamfuta suke, ta saƙo ta tafi ƙafar sensa. Idan ɗaya ce tak, kai ta wurin manyan negetib, kada ka ɗora wa layin sensa nauyin hita. In kuwa na'urorin biyu na iya magana ta layin CAN, wato layin da na'urorin mota ke musayar bayanai ta cikinsa, yi amfani da shi, lamba ake turawa, zubewar wuta ba ta canja ta. Kada ka ci gaba da saita fetur kafin lambobin biyu su daidaita. Injin da ake matsa wa da ƙarancin fetur fistin yake narkarwa, kuma na fi son ka ɓata yini ɗaya a kan waya da ka sauke inji.

Tambaya: Tawa kuma idan na wuce juyi 4,000 sai ta riƙa yankewa, lissafin juyi ya yi tsalle a laftof. Wayar sensar karanshaf mai rigar ƙarfe ce, na ɗaure rigar a inji da kuma wajen kwamfuta.

Amsa: Kwance ta daga inji, ɗan'uwa. Rigar a gefe ɗaya ake ɗaure ta, gefen kwamfuta, ɗaya bakin a rufe shi da roba. Idan ka ɗaure duka biyun ta zama hanyar wuta, tana zuba hayaniya a kan saƙon da aka sa ta karewa. Nisanta wayar daga kwayil, wayoyin filogi da altaneta, inda dole su haɗu su gitta juna, kada su jera. Negetib ɗin kwayil ya tafi tof silinda ta gajeriyar waya, kuma ka tabbata filoginka masu resisto ne, a na NGK za ka ga harafin R a lambar. Idan sensar mai waya biyu ce ta maganaɗisu, duba ko ka juya ƙafafunta, domin juyayyiyar sensa kan tayar da mota lafiya sai an hau sama ta fara ɓatar da lissafi. In duk wannan bai kashe tsallen ba, auna tazarar bakin sensa da haƙoran faifan karanshaf da take karantawa, ka aiko mana da hoton saƙon haƙora daga laftof a daidai lokacin da take yankewa.