Tambayi Kawu: Ina so in sayi ƙaramin jirgi in ɗaura masa manyan tayoyi

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, ya gida ya aiki. Ni ɗan Katsina ne amma aikin asibiti ya kawo ni Ankarej ta jihar Alaska yau shekara 6 kenan. Bara Allah ya nufa na samu lasisin tuƙa ƙaramin jirgi, yanzu awata 85 a sama, duk a Cessna 172 na haya kuma duk a kwalta nake sauka. To garin nan kullum in na bi ta filin ƙananan jirage na Lake Hood sai in ga jiragen nan masu ƙatuwar taya kamar ta tarakta, wallahi har mafarkinsu nake. Na ga wani Super Cub ƙirar 1957 an sa a kasuwa, mai shi ya ce injin awa 600 kacal ya yi, sai dai jirgin ya shekara 5 a ajiye. Niyyata in saya in sa masa taya mai inci 35 da inji mai ƙarfin doki 180 in riƙa sauka bakin kogi kamun kifi ni da abokina. Me ka gani? Daga ɗanka a Ankarej.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a lasisin. Sha'awar taka ban ga laifinta ba ko kaɗan, kana zaune a jihar da fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwanta mota ba ta zuwa, ai jirgi a wurinsu kamar akori-kura yake a wurinmu. Kuma zaɓin naka ba na banza ba ne, kamfanin Piper ya fara ƙera Super Cub a 1949 ya daina a 1994 amma har gobe shi ne ma'aunin da ake gwada sauran jiragen daji da shi. Shi ya sa ma tsohon da ya girmi babanka in yana da lafiya sai ka ji an ce dala 100,000 da ɗoriya, ba a ko kallon idonka.

Amma fa a wasiƙarka abin da ya tsaya min a rai ba taya ba ce, wannan "ya shekara 5 a ajiye" ɗin ne. Mu da muka saba da motar Kwatano in aka ce ba ta yi tafiya sosai ba murna muke, to a jirgi abin kuka ne. Injin Lycoming O-320 da ke gaban yawancin jiragen nan, sandar da ke buɗe bawul a can sama take, in inji ya daɗe bai tashi ba duk man da ke jikinta sai ya tsiyaye ya koma ƙasa, raɓa ta shiga, tsatsa ta kama, kai kuma ba ka gani daga waje, za ka tayar ka ji yana kuka lafiya lau sai ka yi awa 50 ko 100 makanike ya yanka filta ya ga garin ƙarfe a ciki. Kamfanin da kansa cewa ya yi a sauke injin a yi masa garambawul in ya cika awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Mai sayarwa awar zai faɗa maka, shekarun kai za ka tambaya. Garambawul kuwa maganar dubban daloli ce masu yawa, kuɗin tayar taka da na farfela duk sai su tafi a nan ba su isa ba.

Don haka kafin ka ba da ko sisi nemo makanikenka na kanka, ba wanda mai jirgin ya nuna maka ba, kuma wanda ya san jirgin yadi, domin Super Cub ƙashinsa bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti. Ruwa yana gangarawa ya taru a bututun ƙasa wajen wutsiya ya ci su ta ciki, yadi kuma ya rufa asiri. A zura kyamara cikin silinda, in da hali a cire guda a leƙa sandar nan. A duba sandunan da ke tallafe da fiffike, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta daɗe da fitar da umarni a kansu saboda tsatsa. A zauna a karanta littattafan tarihin jirgin shafi shafi, in ka ga shekaru sun ɓace a tsakiya to akwai labarin da ba a so ka ji, yawanci kifewa ya yi. Sannan a bincika rajista a ofishin FAA na Okalahoma kada ka sayi jirgi da bashin banki a wuyansa. Af, rajistar kanta sai ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin, ban san matsayin takardunka ba, ka duba wannan tun yanzu.

Yanzu mu zo kan kwalliyar. Ɗauko biro mu yi lissafi. Super Cub mai doki 150 iyakar nauyin da aka yarje masa ya tashi da shi fam 1,750 ne. A ce bayan ka gama ɗaure-ɗauren ka an ɗora shi a sikeli ya ba da fam 1,150 babu kowa a ciki, wanda ba abin mamaki ba ne ga jirgin da ya sha ƙari. Saura 600. Tankuna biyu galan 36, kowane galan fam 6, an cire 216 saura 384. Kai in ce fam 190, abokin naka 180. Saura fam 14 ɗana. Fam 14! Ina tanti, ina bargon sanyi, ina abinci, ina bindigar da kowa ke ɗauka saboda beyar, ina kuma kifin da kuka je kamawa, ko a bakin kogin za ku cinye shi? Akwai takardar da ke ɗaga iyakar zuwa fam 2,000 in an ƙarfafa wasu wurare, amma fiffiken nan dai shi ne, jirgi mai nauyi sai ya ci fili kafin ya tashi. Tsofaffin matuƙan Alaska cire kaya suke daga jirgi, sabbin shiga ne ke ƙarawa.

Kuma a Amurka jirgi mai takardar kamfani ba Golf ba ne da za ka kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa ka ce ya ɗaga maka. Duk wani babban canji sai yana da takardar amincewa da suke kira STC wadda ta ambaci irin jirginka, makanike mai izini ya sa hannu a fom 337, a sake lissafin nauyi da daidaito. In babu wannan jirgin ya zama haramtacce a sama, ranar da tsautsayi ya faɗa kuma inshora su juya maka baya. Wanda ke son ya yi yadda ya ga dama sai ya koma ajin jiragen haɗin gida irin su Kitfox ko Carbon Cub na haɗawa, can doka ta fi sassauci, sharaɗin dai a ce masu sha'awa ne suka yi fiye da rabin aikin da hannunsu.

In ni ne kai ga abin da zan fara sa wa: bel mai ratayawa a kafaɗu biyu, hular kwano, na'urar neman agaji mai aiki a zangon rediyo na 406 MHz da kuma 'yar na'urar tura saƙo ta tauraron ɗan adam a aljihun rigarka, ba a cikin jaka ba, don in jirgi ya nutse abin da ke jikinka shi ne naka. Bayan nan ƙananan haƙoran nan da ake mannawa a saman fiffike, ba su da nauyi ba su da tsada sosai kuma suna sa jirgi ya riƙe iska a ƙaramin gudu. Taya kuwa inci 26 ko 29 ta ishe ka shekaru. Ita babbar tayar dajin nan da ake kira Bushwheel robarta laushi gare ta, an yi ta ne don ta haɗiye duwatsu, kwalta cinye ta take kamar ana goga ta a dutsen niƙa, ga ta da jan iska tana rage gudu, ga ta tana ɗaga hancin jirgi har ba ka ganin gabanka a ƙasa. Injin 180 ka manta da shi tukuna.

Babban abin ma ban faɗa ba. Awa 85 ɗinka duk a jirgi mai tayar gaba ne, wanda in ka sauka shi da kansa yake miƙewa. Mai tayar wutsiya nauyinsa a bayan manyan tayoyi yake, kullum wutsiyar so take ta riga hanci isa, ka yi sakaci da ƙafafunka daƙiƙa ɗaya iska ta bugo daga gefe sai ka ga ka juya kamar mazari fiffike a ƙasa. Ka danne birki da ƙarfi a kan tsakuwa kuma ya dungura, farfela ta taɓa ƙasa, shi kenan sai an buɗe inji. Doka tana so malami ya sa maka hannu kafin ka tuƙa irinsa, 'yan inshora kuma za su nemi nasu awannin. Waɗanda kake gani a gasar gajeren tashi da sauka ta garin Valdez duk watan Mayu, irin su Frank Knapp da ya tsayar da jirginsa cikin ƙafa 10 da 'yan inci a 2017, jirgin an fafe shi babu komai ciki, mai ɗan kaɗan, ga iskar teku tana busowa ta gaba, ga dubban sauka a bayansu. Kuɗin tayar inci 35 ɗin ka zuba shi a tanki da aljihun malami, jirgin yana shan kamar galan 8 a awa, ka yi ta sauka a titin tsakuwa na Lake Hood har sai ka iya ɗora taya a kan tabon da ka zaɓa sau goma a jere, sannan ka bi wani tsohon hannu zuwa bakin kogin Knik. Kuma ka sake tambayar kanka ko kujera biyu ta ishe ka, in akwai iyali to Cessna 180 ko Maule ya kamata ka leƙa. A gaida abokin kamun kifin.

TAMBAYA: Kawu ni a Jos nake, bidiyon jiragen nan nake kallo a YouTube. Mutum zai iya shigo da irinsu gida Najeriya?

AMSA: Zai iya malam, ba sabon abu ba ne, 'yan mishan sun daɗe suna sauka da ƙananan jirage a filayen ƙasa a Najeriya da Nijar, a Kaduna ma an taɓa haɗa ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai suna Air Beetle wa sojojin sama, ga kwalejin Zariya tun 1964 tana koyar da tuƙi. Sai ka bi ta hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ka samu rajista mai lambar da ta fara da 5N, kuma ba inda ka ga fili za ka sauka ba, balle da yanayin tsaron da ake ciki. Ciwon kan shi ne mai. Injinan nan shuɗin fetur na jirgi suke sha mai suna 100LL, samunsa a nan wahala ne ga tsada, kananzirin manyan jirage kuma ba ya yi musu. Akwai takardar da ke ba wasu injina damar shan fetur na mota amma da sharaɗin babu sinadarin etanol a ciki, kai kuma ka san gidajen manmu. Sai zafi: filin jirgin Jos da ke Heipang tudunsa ya haura ƙafa 4,000 daga saman teku, duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru a kan ƙa'ida jirgi ji yake kamar an ƙara masa ƙafa 120, inji kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ranar da Jos ta kai digiri 30 a watan Maris jirginka ji zai yi yana wajen ƙafa 7,000, dokinka 150 sun koma kamar 120 tun ba ka saki birki ba.