Amsa ga ƙanenmu da ya ce ƙuri'arsa ba ta da amfani

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na saurari muryar da ƙanenmu ya turo jiya da daddare, inda yake cewa ya daina fita zaɓe domin an riga an rubuta sakamako tun kafin a buɗe rumfa, kuma talaka ba shi da ta cewa. Ƙanena, ban ga laifinka ba, domin duk wanda ya sha rana a layi sannan ya je kasuwa ya ji kuɗin kwanon masara, dole gwiwarsa ta yi sanyi. Amma ban yarda da inda maganarka ta tsaya ba.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista da hukumar INEC, amma waɗanda suka fito kimanin miliyan 25 ne kawai, wanda aka ba nasara kuwa ƙuri'unsa ba su cika miliyan 9 ba. Ka ga ke nan waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'unsa fiye da sau bakwai. Mai sayen ƙuri'a da taliya da atamfa babu abin da yake so irin rumfar da mutum ɗari kawai suka zo cikin ɗari bakwai, domin cinikin ya yi masa araha. Haka kuma dokar zaɓe ta tanadi a ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamakon a rumfar. Idan mutane suka tsaya har aka manna, kowa ya ɗauki hoto da wayarsa, canza alƙaluman a gaba yana zama aiki mai wahala, ko da yake ban ce ba ya yiwuwa ba.

Iyayenmu sun ga abin da ya fi wannan. Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, ana ɗaure magoya bayanta, ana yi musu bulala saboda taron siyasa kawai, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta sha shiga kurkuku a kan neman mata su samu 'yancin jefa ƙuri'a. Duk da haka, a 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci gwamna a Kano da Kaduna, da ƙuri'un teloli da 'yan koli da manoma.

Abin da nake ganin yana kashe mana gwiwa shi ne mun zuba wa Abuja ido, alhali hannunmu bai kai can ba, mun bar inda hannun yake kaiwa. Mutum nawa ne a zauren nan suka san sunan kansilan mazaɓarsu? Shi ne muke haɗuwa da shi a masallaci da wajen jana'iza, kuma shi ya kamata mu fara tambaya dalilin da famfon tuƙa-tuƙa na bakin makarantar firamare ya lalace tun damina, yara suna yawo da jarkoki. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar tana jan ƙafa, wasu gwamnoni ba sa so, amma ana wallafa adadin kason kowace ƙaramar hukuma duk wata, saboda haka mai tambaya yana da abin da zai riƙe a hannu.

Shawarata ita ce, ranar Asabar bayan la'asar mu haɗu a ƙofar gidan mai unguwa, mu rubuta takarda ɗaya a kan famfon nan, mu sa hannu da sunayenmu, mutum biyar su kai wa kansila, a ajiye kwafi, sannan a koma bayan mako biyu a ji amsa. Ƙanena, ina so ka kasance cikin biyar ɗin, kuma ka zo da katinka na zaɓe mu duba ko rumfarka ta canza. Wassalamu alaikum.