Ɗana ya ci 84 a gwajin IQ, shin basira gado ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 9 ya yi gwajin IQ, wato na auna basira, a waya, ya ci 84. Mahaifinsa ya ce ai dama danginmu ba su da kan karatu, gado ne, babu abin da za a iya yi. Haka ne? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da farko ki ajiye 84 ɗin nan a gefe, gwajin waya wasa ne. Na gaskiya, irin wanda ake kira gwajin Wechsler, ƙwararre ne ke zama da yaro su biyu, har kusan awa guda, sannan a auna makinsa da na tsaransa. Matsakaicin maki 100 ne. Su kuma tsaran da ake aunawa da su galibi 'ya'yan Amurka ne ko na Turai. Yaron da ya tashi da Hausa aka tambaye shi da Turanci, kafin a kai ga basirarsa an riga an auna Turancinsa.

Shi kansa Alfred Binet, wanda ya haɗa gwajin farko tare da abokin aikinsa Simon a Faransa a 1905, manufarsa gano ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako a aji, kuma bai yarda cewa basira tsayayyiya ce ba.

Amma maigidanki ba gaba ɗaya ya kauce ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A jami'ar Minnesota ta Amurka, Thomas Bouchard ya bibiyi tagwaye masu kama ɗaya waɗanda aka raba tun suna jarirai, kowa ya tashi a gida daban. A rahotonsa na 1990 ya danganta kusan kashi 70 cikin 100 na bambancin makinsu ga gado. Nan ne mutane ke tuntuɓe. Wannan lissafi na bambancin da ke tsakanin jama'ar da aka nazarta ne, ba hukunci ba ne a kan yaro ɗaya. Ɗebi gero tiya guda, ki shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a fako. A cikin gona ɗaya, iri ne zai sa wani zangarniyarsa ta fi ta wani. Tazarar da ke tsakanin gonakin biyu kuwa, ƙasa ce ta jawo ta. A 2003 Eric Turkheimer ya samu cewa a gidajen talakawan Amurka tasirin gado ya yi ƙasa sosai, muhalli ya danne shi, duk da cewa a Turai ba a cika samun haka ba, kuma har gobe ana muhawara a kai.

James Flynn kuma ya nuna makin IQ ya riƙa hawa da kusan maki 3 duk shekara 10 a ƙasashe da dama. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa da wannan saurin. Makaranta da abinci da lafiya ne ake kyautata zato.

Af, yaro rabi daga uwa yake gada rabi daga uba, don haka maigida ya yi hankali da inda yake nuna yatsa.

Ke da kike Zamfara kin san abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan haƙar zinare a 2010. Dalma na dakushe ƙwaƙwalwa, haka ma ƙarancin jini da rashin sinadarin aidin a gishiri. Idan karatunsa na ja da baya, a kai shi asibiti a duba jininsa da idonsa da kunnensa, ki kuma tambayi malaminsa a wane layi yake zama a aji.