Farin Ƙwaron Dare a Gonar Shinkafa: Shi Ke Huda Kara?

Tambaya: Malam, ina noman shinkafar rani a Kura. Da dare wasu ƙananan ƙwari masu kama da malam-buɗe-littafi kan taru a fitila, wasu farare, wasu kalar busasshiyar ciyawa. Ga ganye a yanke yana yawo kan ruwa, ga wasu zangarnu sun yi fari ba ƙwaya. Ƙwaro ɗaya ne ke yi mini wannan ɓarna? Daga wani manomi.

Amsa: Malam manomi, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Da alama baƙi biyu ka yi, kuma 'yan dangi ɗaya ne, dangin da masana ke kira Crambidae. Dukansu da dare suke fita, su yi ƙwai a ganyen shinkafa, kuma uwar ba ta cin amfanin gona, tsutsarta ce mai ɓarna.

Farin mai ɗigo-ɗigon nan, Parapoynx stagnalis, tsutsarsa 'yar ruwa ce. Takan datse kan ganye kamar da almakashi, ta naɗe shi ta shige ciki, ta yi ta yawo kan ruwa, da dare ta hau shuka ta kankare koren ganye ta bar shi fari. Da wasu siraran gashi a jikinta take shaƙar iska daga ruwan da ke cikin naɗin. Nan lagonta yake: ka janye ruwa daga fangali na kwana uku, yawancinsu za su mutu. Ta fi addabar sabon dashe. Ni dai ba na gaggawar ba da shawarar feshi a kanta.

Mai kalar ciyawa kuwa, Chilo ne. Tsutsarsa mai layi-layi a baya cikin kara take shiga, ta cinye shi daga ciki. In shuka ƙarama ce tsakiyarta ta bushe, in ta fitar da kai zangarniya ta yi fari. Janye ruwa ba ya taɓa ta. Bayan girbi ka kafce kututturen ka sake masa ruwa, kuma ku daidaita lokacin dashe da maƙwabta.

Shi kansa Chilo ɗin iri biyu ne suka fi yawa a shinkafar Afirka ta Yamma, zacconius da diffusilineus, kamanninsu har masana sai sun feɗe su a ƙarƙashin madubin ƙara girma kafin su bambance. Kai wannan bai dame ka ba. Ka tsaga kara biyar ko goma daga masu farin kai, ka duba ko akwai tsutsa ko kashinta a ciki, sannan ka kai wa malamin gona.