Amsa: Yaya zan fitar da lissafi daga awon taransifoma?

Ɗan'uwa, ka ce kun auna wata taransifoma mai 33/11kV a nan Sakkwato, kuka zana yadda take amsa sigina gwargwadon saurin kaɗawarsa (frequency), daga 20Hz zuwa 2MHz, kana neman lissafin da zai bi zanen sau da ƙafa don ka sa a EMTP, manhajar kwaikwayon tsarin wutar lantarki a kwamfuta.

Yi amfani da Vector Fitting, dabarar da Gustavsen da Semlyen suka fitar a 1999. Za ka ba ta poles na farawa, wato lambobin da ke tsara inda tudun zanen za su fito, ka baza su a faɗin zangon awon, ita kuma ta riƙa matsar da su zagaye bayan zagaye har su zauna. Kowane tudu a zanen yana son poles biyu. Kada ka zuba su barkatai, don idan sun yi yawa hayaniyar na'ura za su bi. Duk pole ɗin da ya faɗa ɓangaren dama na taswirar poles (s-plane), inda lissafi ba ya tsayawa daram, a juyo shi hagu.

Amma kafin nan, duba awon kansa. Doguwar wayar ƙasa da aka bari a nannaɗe tana lalata sakamakon saman zango, ragowar maganaɗisu a ƙarfen ciki kuma yana karkatar da na ƙasa. Rubuta matsayin tap, wato abin da ake sauya voltage ɗin taransifomar da shi, da zafin manta, musamman a zafin Afrilu.

Ka kuma tabbatar lissafin ba ya haifar da wuta da kansa, in ba haka ba kwaikwayon zai haukace.